Disat da Ambiriyajin Gwaggo

Ku da kuka san marigayi Mahamadu Disat, kun san ba ya fita gida sai da kile a aljihun gaba, kile mai lamba sha bakwai, abin nan da mutanen Najeriya ke ce wa sifana. Daga nan sunan ya samo asali, don disat sha bakwai ke nan da faransanci. Hula yakan manta ta. Takalmi ma na taɓa ganin ya fito da wari daban-daban, ɗaya nasa ɗaya na matarsa. Amma kile? Ko masallacin Juma'a tare suke zuwa. In ya zauna kan benci ya ji ya ɗan yi motsi, sai dai ku ga mutum ya zame ƙasa kamar mai neman allura, ku fara jin ƙyat, ƙyat, ƙyat.

Ranar sunan ɗana na biyu, liman na tsakiyar addu'a, kowa ya ɗaga hannu, sai ya ji ana taɓa kujerarsa ta ƙasa. Ya leƙa, ya ga ƙafafun Disat sun miƙo.

"Ci gaba, Malam," in ji Disat daga can ƙasa. "Ina cewa amin daga nan. Ƙafa guda ce taka shirin kada ka."

Liman ya ƙarasa addu'a, aka shafa. Ya jijjiga kujerar, ya ji ta tsaya daram. Sai ya ce, "In ka gama, akwai ƙofar masallaci."

Ni ne Lawali tela, mutumin Damagaram. Shagona na jikin gidansa a nan Arlit, bango ɗaya ya raba mu fiye da shekara ashirin. Shi Ba'adare ne daga Tahoua, ya zo garin nan yana saurayi, ya yi aiki a garajin kamfanin haƙar uraniyom har ranar da akwatin bitas, wato giya, na wata babbar motar kamyo ya suɓuce daga sarƙa ya sauka a gwiwarsa ta hagu. Tun daga nan yake ɗingishi, kuma tun daga nan ya dawo gida yana gyaran duk abin da aka kawo masa, da wanda ba a kawo masa ba.

Wata rana da hantsi ina ɗinki sai na ji ihun yara da kukan jakuna. Na leƙo, na ga jakuna biyu suna jan wata gawar mota, Disat na biye yana ba su umarni kamar shugaban ayari. Tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, ta zamanin da turawa suka fara zuwa garin nan. Ba gilashi, ba kujera, ba injin. A bayan wani gida a Akokan, nan kusa da mu, ya same ta, awaki sun yi shekaru suna haihuwa a ciki. Warin ma ya riga ta isowa.

Matarsa, Yaya Hadiza, ta fito da ludayi a hannu. "Malam, mi na wanga?"

"Gwaggo ce. Gaishe ta."

"Gwaggon wa?"

"Ta kowa. Ta girme ki, ki yi ladabi."

Shekara biyu ya yi a kanta. Ya yanke rufin ya sauko da shi ƙasa, har sai ka cire hula kafin ka shiga. Ya samo wani ƙaton injin mai silinda shida daga wata kat-kat, motar shiga sahara, da masu zinariya suka kashe a hanyar Tchibarakaten, ya cusa shi a cikin da aka yi don ƙaramin inji. Ya fito da bututun hayaƙi ta gefe, ya shafa mata jan fenti kamar tattasai. Ranar da ya fara tada ta, wallahi allurar kekena sai da ta karye, kajin unguwa kuma suka yi kwana uku ba ƙwai.

To, a nan matsala ta fito. Ga wanda bai san mota ba, kamar yadda nake a da: ambiriyaj shi ne fedar hagu, wadda direba ke takawa ya raba injin da ƙafafun mota kafin ya canza bitas. In bai raba su sosai ba, sai ka ji ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa. A tsohuwar motar, sandar ƙarfe ce ke tafiya daga feda zuwa ambiriyaj. Sabon injin ya cinye wurin da sandar ke bi. Disat ya lanƙwasa ta nan, ya lanƙwasa ta can, ta zagaya kamar hanyar ɓarawo, fedar kuwa ta yi tauri kamar ka taka dutse. Ni mai ƙafa lafiya sai da na riƙe kujera da hannu biyu. Shi kuwa da ya gwada da gwiwar nan tasa, gumi ya keto masa, ya fito yana cije leɓe, ya zauna ƙasa.

Wani mai sayen zinariya da ke kawo masa gyara ya ce zai ba shi akwatin bitas irin na zamani, mai canzawa da kansa, ba ruwanka da fedar hagu.

"Mota ta canza bitas da kanta?" in ji Disat. "To ni mi zan yi ciki? In zamna in ja tasbaha?"

"Ai don gwiwarka na faɗa, Baba."

"Gwiwata ta gode. Tahi da abinka."

Da mutumin ya tafi na ce masa, "Kai dai Ba'adare da taurin kai! An kawo maka sauƙi har gida ka kore shi. Ko ka ba wani ya tuƙa ka mana."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba duk zamanmu. Da ya zo Arlit ba shi da kowa, wani direba Ba'abzine mai suna Agali ne ya ɗauke shi, ya ba shi wurin kwana, ya ciyar da shi, ya fara koya masa tuƙi. Kuma a cikin wannan motar ce, ita kanta, don ita Agali ke tuƙa wa turawa. Amma Mahamadu duk sa bitas sai ƙarrr. Ran nan Agali ya gaji, ya tsaya tsakiyar hanya ya ce masa ya sauka daga kujerar direba. Ya ce, "Hannunka na gyara ne, ƙafarka ta jaki ce. Ranar da ka iya sa bitas ban ji ba, ka zo ka ɗauke ni." Shi ya kai shi garaji aka koya masa kanikanci.

"Yanzu shina Tchirozérine wurin ɗiyanshi," in ji Disat. "Idanu sun tahi. An ce jikin ma ba daɗi. Ni zan tuƙa ta in je, Tela, da wagga gwiwa, kuma ba za ya ji komi ba."

Daga ranar ban sake yi masa maganar direba ba.

Dabarar da ya yanke ita ce mai zai yi aikin da gwiwa ta kasa. Silinda biyu ake sawa: ɗaya a bayan feda, shi ya sa mata suna Uwa, ɗaya a jikin akwatin bitas, ita ce Ɗiya. Siririn tiyo ya haɗa su, a cika da man birki. In ka taka feda, Uwa ta tura mai, mai ya tura Ɗiya, Ɗiya ta buɗe ambiriyaj. Ba sanda, ba lanƙwasa, tiyo ya bi duk lungun da ya ga dama.

Uwar farko ta kamyo ce, ƙatuwa. Ya ce babbar mota sai babbar Uwa. Da aka ɗaura, feda ta fi da tauri. Ya zauna ya zana da yatsa a ƙasa, ya share, ya sake zanawa, har ya gano cewa mai faɗin baki mai da yawa take turawa, don haka ƙarfi da yawa take nema. Ya je wurin masu tsofaffin ƙarafa ya yini yana tono, ya dawo da wata siririya ta ƙaramar mota. Ya huda sabon rami a jikin fedar, can sama kusa da inda take lilo, don ƙafa ta samu rinjaye. Bangon da aka ɗaura Uwa kuma tsatsa ta cinye shi, in ka taka sai ya lotsa, ya yi masa faci da farantin ƙarfe mai kauri.

Saura abin da zai riƙe Ɗiya. Yana son ƙarfe mai kusurwa, mai ƙarfi, kuma Disat ba ya sayen abin da yake ganin akwai shi a gida. Yaya Hadiza ta dawo daga kasuwa a gajiye, ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado. Daga shagona na ji rugum, na ji salati.

"Malam! Ina ƙarhen gadona?"

Daga ƙarƙashin mota ya amsa, "Ya samu aiki."

Gadon nan kan bulo huɗu ya ƙare rayuwarsa.

Da aka gama ɗauri sai fitar da iska, don in akwai iska a cikin tiyo, feda za ta yi laushi kawai ba ta tura komai ba. Aikin mutum biyu ne: ɗaya na taka feda, ɗaya na ƙasa yana buɗe wata ƴar kusa a jikin Ɗiya, iska ta fita, ya rufe. Ya leƙo shagona ya ce in taso.

Na ce, "Ni me na sani a mota?"

"Ba kanka nika so ba, ƙafarka nika so. Shekara talatin tana taka keke, ba ta san komi ba sai wannan."

Haka na bar kayan bikin mutane a kan tebur na shiga Gwaggo. "Taka! Taka! Taka! Riƙe!" Sai in ji fedar ta nutse. "Saki!" Mu sake. Tun safe har azahar, mu yi salla, mu koma har la'asar. Feda na nan kamar burodin da aka jiƙa a shayi. Kashegari haka. Rana ta uku cinyata ta hagu ta fi ta dama kauri, uwar amarya ta zo shago sau biyu tana nemana, ni kuwa na kwanta a kujera don kar ta hango ni.

Na ce, "Disat, anya ba wani abu ka ɗaura ba daidai ba?"

"Ni? Na hidda iska a motocin da tayarsu ta hi ka tsawo! Ƙafarka ce ba ta da tsari. Taka!"

Yaya Hadiza na gefe tana tsintar shinkafa, kwana uku tana jin mu. Ta aje faranti, ta zo ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar.

"Malam, wagga kusa da kaka buɗewa, ita ce ƙofar iska?"

"Awo. Koma wurin shinkafarki."

"To don mi take kallon ƙasa? Ni dai in na dulmuya bido ko kwalba cikin randa, kumfa sama yaka yi."

Ƙafafun Disat da ke waje suka daina motsi. Ashe ya kifa Ɗiya, kusar na ƙasa, iska ta taru a sama ta yi zamanta, mu kuwa muna ta zubar da mai. Can sai muka ji ƙyat, ƙyat. Ya kwance ta, ya juya ta, ya sake huda ƙarfen gado. Takawa goma ba mu yi ba na ji feda ta kama, ga laushi ga ƙarfi, kamar ka taka cikin ɗan akuya mai ƙoshi.

Ya fito, fuska duk mai, ya dube mu. "Daman gwada ku nika yi, in ga wa za ya lura."

"Kwana uku?" in ji Yaya Hadiza.

"Kun yi jinkiri ƙwarai."

Kashegari da rana tsaka muka fita gwaji. Ya taka feda da gwiwar nan, ya sa bitas na ɗaya, shiru. Na biyu, shiru. Ya dube ni yana washe baki. Muka zaga gari, muka nufi kasuwa don mutane su gani. Muna isa daidai wurin mahauta sai na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa, feda ta kwanta ba ta dawo ba. Tiyon ya bi kusa da bututun hayaƙi, ga zafin injin ga ranar Arlit, mai ya tafasa. Mota na bitas na biyu, ba halin tsayawa sai an kashe injin.

Na ce, "Kashe ta!"

"A gaban mahauta? Su tura ni? Allah shi kiyaye!"

Muka zagaya kasuwa. Wani mahauci ya ɗaga hannu, Disat ya ɗaga masa. Muka sake zagayowa, ya ce, "Disat, ina zuwa?" Disat ya ce, "Nan gaba kaɗan!" A zagaye na uku mahaucin ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Ko in miƙo muku tsire ta taga?" Sai da muka samu hanya ta buɗe, muka miƙe har bayan gari, ya laɓe bayan wani kango, sannan ya kashe ta. Muka zauna a inuwar bango har man ya huce.

Ya canza wa tiyo hanya, ya sa masa garkuwar kwano tsakaninsa da zafi. Sai bayan kwana biyu na lura allon shagona ya ɓace. Har yau in ka leƙa ƙarƙashin motar nan za ka ga an rubuta LAWALI TE.

Muka kama hanyar Tchiro bayan sallar asuba, da jarkokin ruwa da buhun kayan aiki. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba: inda kwalta ta rage ma ta fi inda babu muni. Duk rami sai ya rage bitas, duk yashi sai ya canza. Ina kallon gwiwar tana kumbura a cikin wando. Na ce mu huta. Ya ce in an huta ita za ta sandare. Sau ɗaya ya tsaya, ya leƙa man Uwa, ya ɗaure gwiwar da rawani, muka ci gaba. Da la'asar muka hango hayaƙin tashar wutar Anou Araren.

Mun sami Agali a ƙofar gida kan tabarma, dogon tsoho, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Tun kafin a kashe injin ya karkato kunne.

"Wane ne ya kawo jirgi?"

Disat ya durƙusa da ƙyar ya kama hannunsa. "Mahamadu ne, Maigida. Na kawo maka motarka."

"Ƙarya ne. Motana shina tari, wannan shina ruri."

Aka tashe shi, aka kai shi jikinta. Ya bi ta da tafin hannu, daga hanci zuwa ƙofar direba, sai ya tsaya a wani lotsi. Na sha tambayar Disat don me ya gyara ko'ina ya bar wannan, bai taɓa ba ni amsa ba. Tsohon ya shafa wurin, ya sake shafawa.

"Gangan mai," in ji shi. "Kai ne ka buga shi da baya-baya. Shi ne. Wallahi shi ne."

Aka zaunar da shi gaba, ni na hau baya na zuro kai ta tagar da ba gilashi. Muka fita bayan gari inda fili yake shimfiɗe ba itace ba dutse. Agali ya ɗora hannunsa a kan hannun Disat, a kan sandar bitas. Ɗaya. Biyu. Na ga gumi na bin wuyan Disat. Uku. Huɗu. Ko ƙyas. Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya.

Tsohon ya ce, "Ka daɗe a hanya, yaro. Amma ka iya." Yaro! Mutum da furfura har gemu. Sai ya ƙara da cewa, "To sauka. Ni zan tuƙa."

Na ce, "Disat, mutumin nan fa ba ya gani!"

"Ina gani mishi. Riƙe da kyau, Tela."

Suka yi musanya. Agali ya laluba feda da ƙafarsa mai kama da kara, ya taka, ya ce, "Kai! Kamar man shanu." Mota ta tashi. Disat na cewa dama kaɗan, miƙe, miƙe. Ni a baya duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Iska ta kwance rawanin tsoho, yana dariya da bakin da ba haƙori. Ya kai hannu zai sa na uku, sai muka ji ƙarrrr, har cikin haƙorana.

Agali ya ɗan juyo da fuska wajen Disat.

"Ka ji wani abu?"

"Ban ji komi ba, Maigida," in ji Disat. "Miƙe."

A hanyar dawowa Disat bai yi mini gardama ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Idanunsa na ta zubar ruwa, ya ce iska ce. Gwiwar kuwa sai da ya yi sati biyu a kwance. Agali bai ga damina ba, Allah Ya yi masa rasuwa.

Shi ma Disat shekara ɗaya da ƴan watanni ya ƙara. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe ba. Na je duba shi gidan likita, ya yafito ni, na sunkuya ina zaton wasiyya ce babba. Ya ce, "Tela, kai za ka ɗinka min likkafani. Amma don Allah kar ka yi min irin ɗinkin da kaka yi wa mutane ranar jajibirin salla."

Na ce, "Ba'adare, ko a nan ba za ka bar ni ba?" Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kwana huɗu bayan nan aka kawo mini farin yadi. Na rufe shago, na zauna ni kaɗai. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa ɗinki a hankali kamar na ranar ba, kuma sau uku ina tsayawa don ba na ganin zare.

Allah Ka jiƙan Mahamadu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa ya huta. Ka haɗa shi da maigidansa Agali a gidan Aljanna, Ka ba Yaya Hadiza haƙuri da mu duka da muka yi maƙwabtaka da shi. In tamu ta zo, Allah Ka sa mu cika da imani. Amin.